Ɗigon Mai a Zaure

Uwargida ce ta fara ganinsa. Da sassafe ta fito sharar zaure, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu ta kira ni: "Malam, zo ka ga abin da dokinka ya yi." A ƙarƙashin babur ɗina, daidai cikin inji, akwai baƙin ɗigo guda ɗaya, faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Na durƙusa na dangwala da yatsa na shinshina. Baƙin mai ne. Na ce mata ba komai, tsohon babur ba ya rasa ɗan gumi. Ta ce to, ta barbaɗa toka a wurin ta share. A farkon watan Yuni na shekarar 2023 ke nan.

Gidana a Tirwun yake, tsohon garin Gerawa da ke gefen birnin Bauchi ta wajen hanyar Maiduguri. Ɗaya daga cikin ƙofofin birnin, wanda Malam Yakubu ya kafa a 1809, sunan garinmu take amsawa: Ƙofar Tirwun. Yau birni ya bunƙasa har ya kusa haɗiye mu, amma da zarar mutum ya bar kwalta ya nufi ƙauyuka, ƙasar tana nan yadda take: jar ƙasa da tsakuwa, duwatsun da suka leƙo kamar bayan kunkuru, da kwazazzaban da ruwa ke sake wa fasali kowace damina. Makarantar da nake koyar da Hausa tana ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka. Tafiyar kilomita 14 ce daga ƙofar gidana, kuma huɗu kacal ke bisa kwalta. Mota ba ta shiga can sai ranar kasuwa. Idan babur ɗina ya kwanta, aji shida ne za su wuni ba malamin Hausa.

A wasu ƙasashe akwai baburan da ake ƙerawa musamman domin irin wannan hanya. Suna da tsawo daga ƙasa, shokozobarsu tana nitsewa da zurfi, tayoyinsu kuma suna da manyan haƙora masu kama turɓaya. Irinsu ne aka hau a tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya ratsa Sahara ya bi ta Agadas. Mu a nan abin da ke hannunmu shi ne Bajaj Boxer na Indiya, da Jincheng na ƙasar Sin, da tsofaffin Honda na Japan. Ƙananan babura ne marasa shan mai, mu ne muke ɗora musu buhun masara da akuya da mutum uku mu shiga daji da su. Nawa ɗaya ne daga cikin irin waɗannan, na hannu na saye shi. Ba zan ambaci kamfaninsa ba, domin laifin da zan ba da labari ba na maƙerinsa ba ne.

A lokacin, ga iyakar abin da na sani game da yadda babur ke tafiya. Inji yana ba da ƙarfi, kuloci da giya su karɓa, su miƙa shi ga wani ɗan gajeren ƙarfe da ya leƙo daga jikin injin ta gefen hagu. A kan wannan ƙarfe akwai ƙaramin faifai mai haƙora. Sarƙa tana kama haƙoran, ta tafi baya ta zagaya wani babban faifai da ke jikin tayar baya. Ƙarami ya juya, sarƙa ta ja babba, taya ta gungura. Na ɗauka wanda ya san wannan ya gama sanin komai.

Ƙara ta riga ɗigon mai zuwa da kusan wata biyu. A cikin Afrilu, ana tsakiyar zafi, na fara jin wani "ƙwas" daga baya duk lokacin da na sa giya ta ɗaya na saki kuloci. Haka nan idan na murɗa totur na sake shi, sai babur ya yi ɗan fizga, kamar jaki ya yi tuntuɓe. Na duba sarƙa na ga ta ɗan saki, na ce ga ɓarawon. Ranar Asabar na ɗaga babur bisa ƙafarsa ta tsakiya, na sassauta babban notin tayar baya, na ja tayar da ƙananan notuna biyun da aka yi domin haka, har sarƙar ta miƙe kamar tsarkiyar baka. Na taɓa ta da yatsa, ko motsi ba ta yi. Na wanke hannu ina jin kaina cikakken makanike.

Ƙarar ta ragu, amma bayan kwana goma ta dawo. Na sake ɗaukar sufana na ƙara ja. A wannan karo wani siririn kuka ya biyo baya idan ina gudu a kwalta. Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Daga nan ne ɗigon ya bayyana a zaure, kuma bai tsaya a faɗin kwabo ba. Cikin mako biyu ya kai tafin hannu. Uwargida ta daina barbaɗa toka, ta samo kwali ta shimfiɗa. Injin irin wannan babur baƙin man da yake ɗauka bai wuce kusan lita ɗaya ba, saboda haka kowane ɗigo abin lissafi ne. Idan man ya ƙare ana cikin tafiya, ƙarfe ya goga ƙarfe, inji ya ɗau zafi ya kama, shi ke nan an yi asararsa. Tsoron haka ya sa na fara yawo da gorar mai a jaka. Duk safiya sai na ƙara, har ya wuce alamar sama ta ma'aunin, wai don kada ya yanke mini a daji.

Wata rana ina dawowa daga cikin gari na tsaya wajen wani makanike a bakin titi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin injin, ya shafa da yatsa ya nuna mini. Jikin inji ɓari biyu ne aka haɗa, da siririn gasket a tsakaninsu, kuma man ya jeru ne daidai kan wannan haɗi. Ya ce, "Oga, gasket ɗin tsakiya ne. Sai an sauke inji an raba shi biyu." Kuɗin da ya faɗa ya fi rabin albashina, aikin kuma kwana uku. Ba na cewa mutumin ya yi niyyar cuta ta. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai lokacin bai zo mini da sauƙi ba. A ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ga Babbar Sallah tana matsowa, ga ɗinkin yara. Na ce masa zan dawo.

Sallah ta kama ranar Laraba, 28 ga Yuni. Ranar Juma'a da hantsi na ɗauki 'yata, mai shekara tara, zan kai ta gaida kakarta a ƙauye. Ta sha sabuwar atamfa, hannuwanta sun yi ja da lalle. An yi ruwa da dare. Akwai wata kwana ta hagu da hanyar ke yi don ta kauce wa wani dutse, kwanar da na sha fiye da sau dubu. Ina kwantar da babur kaɗan, sai tayar baya ta zame daga ƙarƙashinmu kamar an janye tabarma. Muka zube cikin taɓo.

Allah ya kiyaye, ba gudu nake yi ba. Ta ƙuje a gwiwar hannu, atamfar ta ɓaci. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe tana duban fuskata, ta ce, "Abba, ni ce na yi motsi?" Kullum ina gargaɗinta kada ta yi motsi a bayana, saboda haka ta ɗauka laifinta ne. Na ce mata a'a. Da na ɗaga babur na duba tayar baya, sai na ga gefenta na hagu yana ƙyalli. Murfin sarƙar babur ɗin tun da na saye shi ba shi da ɓarin ƙasa, ban kuma taɓa damuwa in sayo ba. Sarƙa ta yi ta kwasar man da ke zuba tana watsa shi a jikin taya. Taɓo ya yi nasa, amma ni na shafa wa tayar mai da sakacina.

Washegari na tafi wani gareji da ke ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, inda wani tsohon ɗalibina ke koyon aiki. Ɗan ƙasar Das ne, Hausa ba harshen gidansu ba ce, kuma a ajina ya sha jan biro. Har ya gama makaranta bai daina rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ba. Duk lokacin da muka haɗu sai ya rusuna ya ce, "Malam, ka kawo mana mashin ɗinka mana." Ban taɓa kaiwa ba. A raina ina ganin yaron da ya kasa bambance "k" da "ƙ" ba zai bambance lafiyayyen inji da marar lafiya ba. Tunani ne da nake jin kunyarsa yanzu, amma na yi shi.

Maigidansa dattijo ne mai furfura, kowa Baba yake ce masa. Bayan mun gaisa na fara bayani da cewa gasket ɗin tsakiya ne ya lalace. Bai tanka wannan ba, bai ko taɓa sufana ba. Ya ce, "Malam, naso yake yi, ko ɗiga, ko zuba?"

Na tsaya ina dubansa. Waɗannan kalmomi na sha jera su a allo a matsayin masu kusancin ma'ana, na wuce. Shi a wurinsa kowace da hukuncinta. Naso shi ne jikin inji ya yi danshi, ƙura ta manne, amma ƙasa ba ta ga komai ba. Wannan ana iya zama da shi a sa masa ido. Ɗiga ita ce a ajiye babur da dare a tarar da shaida da safe. Wannan gyara yake so. Zuba kuwa, ba a hawa babur ɗin sai a tura shi. Na ce ɗiga ce, tana neman zama zuba.

"Wanne ya riga, ƙarar ko man?"

"Ƙarar, Baba."

Ya sa ɗan yatsa ya danna sarƙar daga ƙasa. Ba ta motsa ba. Ya ɗago kai. "Wa ya ɗaure wannan?"

Yaran garejin suka yi tsit. Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, madalla. Da wani ne da na zage shi."

Ya sa ɗalibina ya sassauta sarƙar, ya cire ɗan murfin da ke rufe ƙaramin faifai, ya wanke injin tas da kananzir da buroshi, sannan da ruwan sabulu, har da tayar baya. Muka zauna a benci muna jira ya bushe. Na ƙosa, na tambayi amfanin wanka ga marar lafiya. Baba ya ce, "Mai ba ya hawa tudu, Malam. Ƙasa yake bi, iska kuma ta kora shi baya. Inda ka ga ya taru, nan ya sauka. Mu inda ya fito muke nema, kuma a cikin dauɗa ba a ganin sawu."

Da injin ya bushe ya aika a kawo hoda, irin wadda mata ke shafa wa jarirai, sai aka tarar ta ƙare. Na tambayi abin da za a yi da ita. Da ya gaya mini, na buɗe jakar babur na fito da alli guda biyar, domin malami ba ya rabuwa da alli ko ranar Asabar. Ɗalibina ya daka shi da guduma ya zama gari, ya bi duk wurin da mai ke iya fita ya barbaɗa: murfin kan inji, haɗin tsakiyar da ake zargi, notin da ake kwancewa idan za a yi juye, gindin ƙarfen da ake taka giya da shi, gindin kik, da bayan ƙaramin faifai. Injin ya yi fari fat kamar fuskar mai tallan fulawa. Sannan ya hau ya zagaya unguwa na kusan minti goma sha biyar, don man ya yi zafi ya tsinke.

Da ya dawo muka durƙusa mu uku. Haɗin tsakiya fari ne, ko tabo babu. Notin juye fari. Amma daga bayan ƙaramin faifai wani baƙin layi siriri ya sauko cikin farin allin, ya bi jikin inji, ya lanƙwasa ya nufi ƙasa, daidai wurin da makaniken farko ya shafa da yatsa. Ko yaro ya ga wannan layi ya san inda ya faro.

A nan ɗalibina ya karɓi bayani, Baba kuma ya ƙyale shi. Duk inda ƙarfe mai juyawa ya fito daga cikin inji, akwai zoben roba da ke rungume da shi, da siririn sifirin a cikinsa mai matse leɓen robar a jikin ƙarfen. Shi ne oyil sil. Ƙarfe na juyawa, mai na ciki, zoben na tsare ƙofa. Idan aka dinga jan ƙarfen gefe guda da ƙarfi, leɓen zoben yakan cinye ta wannan gefe, ƙofa ta buɗe. Ya kuma zaro wani siririn tiyo da ke fitowa daga saman injin ya hura. Ya ce ta nan inji ke numfashi. Idan laka ta toshe shi, iskar ciki takan rasa mafita ta turo mai ta kowane zobe. Nawa a buɗe yake. Sai dai da ya zaro ma'auni ya ga inda man ya kai, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ma ya yi yawa. Yawan mai yana ƙara wa sil wahala." Laifi na biyu ke nan, kuma da Hausa mai kyau ya faɗe shi.

Saura ƙarar. Baba ya ɗaga babur bisa ƙafar tsakiya, ya sa giya ta ɗaya inji a kashe, ya karɓi guntun alli daga hannuna. Ya ja layi ɗaya da ya taso daga babban faifai ya hau kan cibiyar taya. Sannan ya kama tayar yana juya ta gaba da baya a hankali. Ya ce in bar sauraro, in duba layin. Tayar ta motsa, faifan yana tsaye, layin ya rabu biyu da faɗin yatsa guda, sannan aka ji "ƙwas". Ya mayar da ita baya, layin ya sake rabuwa ta ɗaya gefen, "ƙwas".

Ashe babban faifai ba a jikin taya yake a ɗaure kai tsaye ba. Tsakaninsa da cibiyar taya akwai robobi masu kauri a cikin 'yan ɗakuna, su ne ke shanye fizgar inji kafin ta isa taya, su kuma shanye dukan hanya kafin ya isa giya. Da aka cire tayar, guda huɗun da ke cikin nawa sun taurare sun farfashe, ɗaya ma ta zama gari. Ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Sarƙar ba ta da laifin ƙarar tun farko. Na kama marar laifi na ɗaure shi tamau, ɗaurin kuma ya je ya ɓata wani wuri.

Yadda ya ɓata shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Tayar baya tana riƙe ne a hannuwan ƙarfe biyu masu hawa da sauka. Idan aka hau babur, ko aka ɗora kaya, ko aka faɗa rami, hannuwan sukan ɗaga, tazarar da ke tsakanin faifan gaba da na baya ta ƙaru, sarƙa ta ƙara miƙewa. Sakin da ake bar mata domin wannan lokaci ne. Shi ya sa baburan daji, waɗanda shokozobarsu ke nitsewa sosai, ake bar wa sarƙarsu saki fiye da na titi. Ni kuwa na ɗaure tawa babur yana tsaye ba kowa a kansa, ban bar mata komai ba. Wato duk ramin da na faɗa tsakanin Tirwun da makaranta, safe da yamma, wata biyu cur, sarƙar tana fizgar ɗan ƙarfen nan na gaba da nauyina da na babur gaba ɗaya.

Baba bai tsaya nan ba. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza ta gefe da gefe, don ya ji ko boris ɗin cibiya ya mutu, shiru. Ya girgiza hannuwan ƙarfen, shiru. Ya ja sarƙar daga bayan babban faifai, ta ɗago har ana ganin rabin haƙori, haƙoran kuma sun lanƙwashe kamar farcen shaho. Ya ce waɗannan sun gama aiki, ƙurar hanya da ta haɗu da mai ta zame musu dutsen niƙa. Na nuna masa cewa ƙaramin faifai ma yana ɗan motsi a kan ƙarfensa. Ya ce wannan haka aka yi shi, ba kowane girgiɗi ne ciwo ba.

Sannan ya cire ƙaramin faifan, ɗan ƙarfen ya fito tsirara. Ya ce, "Malam, yanzu ka yi addu'a. A bayan wannan ƙarfe akwai boris a cikin inji. In sarƙarka ta kashe shi, sabon sil ba zai yi mako ba, kuma dole a raba inji kamar yadda aka gaya maka." Ya kama ƙarfen da yatsu uku, ya rufe ido, ya gwada shi sama da ƙasa, gaba da baya. Ya juya shi kaɗan ya sake gwadawa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ni dai ina lissafin rabin albashi, da jarrabawar ƙarshen zango da ta rage mako uku, da aji shida. Ya buɗe ido ya ce, "Ka tsira. Da ka ƙara wata guda, da wani zance muke yi."

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ɗalibina ya tafi cikin gari ya sayo kayan. Ya ɓanɓaro tsohon zoben a hankali don kada ya karce mazauninsa, ya shafa wa leɓen sabon ɗan giris, ya ɗora guntun bututu a kansa yana bugawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai ta kowane gefe. Ya jera sababbin robobi. Na so a sa sabuwar sarƙa kawai a bar faifan, don in rage kuɗi. Baba ya ƙi. Ya ce tsofaffin haƙora sukan cinye sabuwar sarƙa cikin 'yan watanni, su ukun tare ake sauya su. Ya ce in kuɗi ne babu, akwai masu cusa guntayen tsohon tub a wurin robobi su lallaɓa zuwa ƙarshen wata, amma a sarƙa da birki ba a lallaɓawa. Na biya. Duka da murfin sarƙa na hannu da ya samo mini, abin da na kashe bai kai rabin kuɗin da aka nema don raba inji ba.

Wajen ɗaure sarƙar Baba ya miƙo mini sufana ya ce ni zan yi, tun da hannuna na ƙaiƙayi. Ya sa na juya taya a hankali ina danna sarƙar, har na sami wurin da ta fi tsauri, domin sarƙa ba ta miƙewa daidai a ko'ina. A wannan wuri ake aunawa, a tsakiyar layin ƙasa, kuma ya kamata ta yi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3; shi da faɗin yatsu biyu yake aunawa. Ya nuna mini 'yan zane-zanen da ke jikin hannuwan ƙarfen hagu da dama, waɗanda dole su zo daidai, in ba haka ba taya ta karkace. Ya nuna mini ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, wanda rufaffen kansa ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya, don kada wani abu ya taɓa shi ya fice. Sannan ya sa na sauke babur na zauna a kansa, ɗalibina ya hau bayana, ya sake dannawa ya tabbatar akwai sauran saki. Daga ƙarshe aka daidaita birkin baya, tun da taya ta matsa, aka juye man aka zuba sabo, ya tsaya tsakanin alamu biyu na ma'auni.

Ina zaune ina sauraron yaran garejin suna aiki, sai na lura da harshensu. Rabin sunayen kayan Turanci ne da Hausa ta tauna ta sake masa kama: boris, giris, sufana, salansa, shokozoba. Ɗaya rabin kuwa Hausa ce tsantsa da aka ba sabon aiki: inji yana numfashi, boris ya mutu, haƙori ya cinye, taya ta karkace. Na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta yadda ake koyar da wannan harshe, na yi goma sha bakwai ina koyar da shi, ban taɓa kawo darasi ɗaya daga gareji ba. Na fito da takarda na fara rubutawa. Ɗalibina ya leƙo ya ga na rubuta wata kalma, ya ce, "Malam, ba haka muke faɗa ba." Na ba shi biro ya gyara. Ya rubuta ta daidai, ya kuma ƙara "ƙarfe" a gefenta, da lanƙwasar "ƙ" ɗinta cif.

Da zan tafi na ba shi ɗan abin sayen sabulu, ya ƙi karɓa sai da Baba ya sa baki. Baba kuma ya riƙe sauran allin, ya ce ya fi hoda kama jiki.

A daren na sa uwargida ta shimfiɗa sabon kwali. Da safe muka duba, babu komai. Muka bar shi mako guda, ranar Asabar ta ɗauke shi ta hura wuta da shi. Na yi jarrabawar aji shida ban makara ko sau ɗaya ba.

'Yata ce ta fi daɗewa. Ta yi kusan wata biyu ba ta yarda ta hau bayana ba. In za a aike ta wajen kakarta sai ta ce cikinta na ciwo. Ban matsa mata ba. Wata Asabar cikin hutu ina duba sarƙa a ƙofar gida, ta zo ta tsuguna kusa da ni. Na nuna mata yadda ake dannawa da yatsa, da yadda ake shafa gefen taya a duba hannu. Ta danna, sarƙar ta yi sama ta dawo. Ta shafa tayar ta dubi tafinta, ƙura ce kawai. Ta goge a zaninta, ta shiga gida ta ɗauko mayafi.